Dogon Hutu da Ilmin Hannu: Jawabi ga Iyaye da Malamai a Ƙasar Kagoro

 

Maganar da ke tafe da ni ta shafi dogon hutun nan da makarantu kan bayar daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. A birane, iyaye da yawa sun ɗauki al'adar mayar da yaro aji a cikin hutun, a biya kuɗin lesin, a sake karanta masa abin da aka riga aka karanta masa a allo. A ƙauye kuwa yaro yakan wuce gona. Ina so mu duba wata hanya ta uku, wato a shirya wa yara darussa na 'yan makonni waɗanda a cikinsu za su taɓa abu da hannu, su gina, su auna, su gwada, su ɓata su kuma gyara. Irin wannan shiri ya daɗe a Amurka da Turai, amma ba sai mun kwaikwayi kowa ba, domin kayan aikinsa suna nan kewaye da mu.

Ni kaina na gama ƙaramar sakandare ban taɓa riƙe kwalbar gwaji ba. Malaminmu, Allah ya saka masa, yakan zana ta a allo da alli, mu kwafa a littafi, mu haddace sunanta da Turanci. Na ci jarrabawa sarai. Sai da na shiga aikin fassara, ana ba ni takardun kimiyya in juya su zuwa Hausa, sa'an nan na gane yawan kalmomin da na haddace ba tare da na san abin da suke nufi ba. Abin da mutum bai gani ba, da wuya ya iya bayyana shi da harshen gidansu.

Gwamnati ta daɗe da sanin wannan ciwo. Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fitar a 1977 ta nemi a haɗa karatu da aikin hannu, kuma a kanta aka gina tsarin 6-3-3-4 wanda ya soma aiki a 1982. An sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai don koyar da sassaƙa da aikin ƙarfe da na lantarki a ƙananan sakandare. Wajibi ne mu faɗi gaskiya: a makarantu da dama injunan sun tsufa a cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Darasin da ni na ɗauka daga nan shi ne, idan an ce sai inji ya iso kafin a fara, to za a daɗe ba a fara ba. A fara da abin da ke hannu.

To, me ke hannunku a nan? Mu fara da ƙasar da kuke takawa. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan gunki na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, nan ƙasar Jaba, maƙwabtanku. A farkon shekarun 1940 aka sami wani kan mutum na yumɓu a ƙasar Jama'a, wanda wani ma'aikaci ya kafa a gonarsa ta doya don korar tsuntsaye, har ya kai ga hannun Bernard Fagg a Jos. Shi ne ya lura kamanninsu ɗaya ne, ya kuma sa wa wannan tsohuwar al'umma sunan Nok. Daga baya an tono matoyar tama a Taruga wadda ta haura shekara 2,000. Yau duk inda ake koyar da tarihin fasahar Afirka sai an ambaci sunan wannan ƙauye.

Ku duba yadda maginan Nok suka yi aikinsu. Sun cuɗa yumɓu da tsakuwa-tsakuwa, sun gina gumakan da rami a ciki kamar yadda ake gina tukunya, sun kuma huda idanu da hanci da baki. Masana da yawa na ganin hujin nan yana taimaka wa tururi ya fita a lokacin gashi, don kada abin ya fashe. Yanzu a tara yara ashirin a gindin wata tsohuwa mai ginin tukwane. Kowa ya gina ƙwallo biyu, ɗaya cike, ɗaya mai rami da huji. Wani ya sa yashi a yumɓunsa, wani ya bar nasa zalla. Wani ya bari ya bushe sosai, wani ya yi gaggawa. A gasa su tare, a ƙirga wanda ya fashe da wanda ya tsira, kowane yaro ya rubuta abin da ya gani. A yini uku yaron nan ya koyi zane da siffa, ya koyi yadda ruwa ke zama tururi ya nemi hanyar fita, ya kuma koyi babban tushen kimiyya, wato a sāke abu ɗaya kawai a ga abin da zai biyo baya. Kuɗin da aka kashe bai wuce na itace ba.

Kada wani ya raina wannan sana'a. Ladi Kwali, 'yar ƙasar Gwari, tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida. A 1954 ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, ta nuna aikinta a Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira ashirin. Saboda haka a sa 'yan mata a shirin nan daidai da maza, har wajen aikin waya da batir.

Ga gargaɗi ɗaya a nan: kada a ce yara su je tonon gumaka. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da sayar da kayan tarihi ko fitar da su waje ba da izini ba. Wanda ya ci karo da irinsu a gona ya bar su inda suke, ya sanar da mai unguwa.

Sai kuma dutsen nan na Kagoro da ke bayanmu. Iskar damina tana tasowa daga teku ɗauke da laima, in ta iske duwatsu sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa ƙasarku ta fi Zariya da Kano samun ruwa. Yaro na iya tabbatar da wani abu na wannan da kansa. A ba shi gwangwani mai miƙaƙƙen gefe da rula, ya ajiye a fili nesa da inuwar itace, kowace safiya ya auna zurfin ruwan ya rubuta. Idan yaran gindin dutse da na Kafanchan suka gwama littattafansu a ƙarshen wata, sun yi lissafi da labarin ƙasa a zama ɗaya. Haka citta da yankin nan ya yi suna da ita: a auna nauyinta ɗanya, a tsaga a shanya, a sake aunawa, yaro ya fitar da kashi nawa cikin ɗari ruwa ne. Uban da ɗansa ya san wannan lissafi, ɗan kasuwa ba zai cuce shi cikin sauƙi ba.

Malamai fa? Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920, kuma har yau akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe da suka san ƙarfe da inji kamar yunwar cikinsu. Akwai maƙera da kafintoci da masaƙa, akwai masu gyaran wayar hannu da masu haɗa sola. Ga ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya da ke gida hutu, ga 'yan hidimar ƙasa. A haɗa mai sana'a ɗaya da malamin makaranta ɗaya: wannan ya nuna yadda ake yi, wancan ya bayyana dalili. Kowannensu zai ƙaru da ɗan'uwansa, ko da yake na san wani malamin zai ji nauyin zama a gaban maƙeri.

Na san abin da ke ran iyaye: lokacin nan ne gona ta fi bukatar hannu. Gaskiya ne, kuma shirin da ya yi gaba da gona ba zai kai mako biyu ba. A yi shi kwana uku a mako, bayan an taso daga gona, awa biyu ko uku, tsawon mako huɗu. Ƙungiyar iyaye da malamai ta riƙe ragamarsa, ta nemi izinin sashen ilmi na ƙaramar hukuma, Kaura ce ko Jama'a, ta rubuta sunan kowane yaro da na mai kai shi gida. Kada a bar yara su kaɗai kusa da wuta ko wuƙa ko rafin da ya cika, kada a kwana a waje, kuma kowa ya isa gida da sauran rana.

Abu ɗaya nake roƙo da babbar murya. Wannan yanki ya ɗanɗana ɗacin rikici, tun abin da ya faru a Kafanchan a watan Maris na 1987 da waɗanda suka biyo baya. Kada a yi ajin coci dabam, na masallaci dabam. A gauraya yaran Kagoro da Bajju da Atyap da Hausawa da Fulani a kan tebur ɗaya, a ba kowane rukuni aikin da mutum ɗaya ba zai iya gamawa ba.

A ranar ƙarshe a gayyaci iyaye su ga abin da 'ya'yansu suka yi, har da tukwanen da suka fashe, kowane yaro ya tsaya ya yi bayani da harshen da kakarsa za ta gane. Littafin auna ruwan sama kuwa a damƙa shi ga shugaban makaranta, a naɗa yara biyu su ci gaba da cika shi har ruwa ya ɗauke a Oktoba.