'YA'YAN ITACE NA DA RAI BAYAN AN TSINKE SU

Ga jawabin da wani malamin gona ya yi wa manoman lambu da masu sayar da kayan marmari, a ajin yaƙi da jahilci.

Malamin ya ce mangwaro ko tumatir ba ya mutuwa don an tsinke shi. Yana nan yana numfashi. Shi ya sa buhun mangwaro yakan ɗauki zafi.

Ya ce 'ya'yan itace iri biyu ne. Ayaba, mangwaro, gwanda da tumatir suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, muddin sun ƙosa. Lemo, kankana da abarba kuwa ba sa ƙara zaƙi. Su sai a bari su nuna a jikin uwarsu.

Abin da ke sa irin na farko nuna wata iska ce da suke fitarwa da kansu. Sunanta etilin, ido ba ya ganinta. A 1934 wani masani a Ingila, Richard Gane, ya tabbatar tuffa na fitar da ita.

Malamin ya ce kowane tsiro na da ƙwayoyin gado. Su ne ke ba jikinsa umarni. Da etilin ta yawaita sai ta tashe su aiki. Wasu su mai da sitacin ayaba sukari. Wasu su mai da koren tumatir ja. Wasu kuma su tausasa tsoka. A 1994 an sayar da wani tumatir a Amurka, wai shi Flavr Savr. Masana sun rage ƙarfin ƙwayar gado guda ta tausasawa, don ya daɗe bai lalace ba.

Daga nan ya ba da shawara. Zafi da rauni suna hanzarta nuna. Don haka a tsinka da sassafe, a ajiye a inuwa mai shan iska. Kada a danƙare kwando. A ware nunannu daga ɗanyu. Tumatirin da za a kai Legas a tsinke shi da ya soma sake launi. Mai son ɗanyen mangwaro ya nuna da wuri, ya rufe shi tare da nunanniyar ayaba.

Ya ja kunnen jama'a game da nunar da kaya da kabaid, irin na masu walda. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi cewa yana cutar da lafiya.

A ƙarshe ya ce wahalar noma ba ta ƙarewa a lambu, sai kaya sun isa kasuwa lafiya.