Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Game Da Zullumi Bayan Fiɗa

Akan yi wa mutum fiɗa a asibiti, rauni ya warke sarai, amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Da ya ji ɗan suka ko ƙaiƙayi a tabon sai ya ce cuta ta komo, alhali kuwa jijiyoyin da aka yanka sukan yi watanni kafin su lafa. Wani har ya bar noma, ya sayar da dabbobinsa wajen neman magani.

Abin ya fi samun mai yawan damuwa tun asali, da wanda aikinsa ya zo da tangarɗa, da wanda ba a yi wa bayani ba, balle wanda irin cutar ta kashe ɗan'uwansa.

Kada hakimi ya ɗauke shi rago. In akwai zazzaɓi, mugunya ko kumburi, a mai da shi asibiti nan da nan. In babu, tsoron kuwa ya kai wata 6, shi kansa ciwo ne, kuma likita na iya maganinsa.