Azumin Da Muka Yaba, Ashe Ciwo Ne

Jawabin da aka gabatar a taron zumuntar mata da 'yan mata na gunduma. An buga shi a nan bisa roƙon iyaye da dama da ba su sami zuwa ba.

 

An ce mu yi magana a kan yadda 'yan mata ke ganin jikinsu, da cututtukan da ke hana su cin abinci. Da takardar ta iso, wani dattijo ya yi dariya, ya ce wannan ai damuwar Turawa ce da abinci ya yi wa yawa, mu nan da mudun shinkafa ya gagari talaka, wa zai ƙi tuwo da gangan? Ba mu ga laifinsa ba, gama mu ma haka muka ɗauka a dā. Bari mu gaya muku abin da ya buɗe mana ido, ko da yake ba labarin da zai sa a yabe mu ba ne.

A wata ikilisiya da muka yi hidima akwai wata yarinya 'yar shekara 17, tana cikin mawaƙa, ba ta fashin sujada. A farkon shekara ikilisiya ta yi azumin da aka saba yi. Kowa ya gama nasa, ita kuwa ta ci gaba. Da fari Laraba da Jumma'a ne, daga baya ya zama kusan kullum. Mahaifiyarta ta riƙa rage mata riguna da keke tana murna, wai Allah ya ba ta 'ya mai himma. Mu kuma, Allah ya gafarta mana, muka tsaya a kan bagadi muka nuna ta, muka ce sauran matasa su yi koyi da ita. Bayan wata biyar ta yanke jiki ta faɗi a wurin koyon waƙa. Nan take aka ce iska ce, aka yi kwanan addu'a har dare uku. Sai da wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu ta tsaya kai da fata kafin aka kai ta asibiti.

Likita ya tarar bugun zuciyarta ya yi ƙasa ƙwarai, al'adarta kuma ta ɗauke da watanni. Ya yi mata tambayar da babu ɗayanmu da ya taɓa yi mata, wato me take gani idan ta tsaya gaban madubi. Yarinyar da ana iya ƙirga haƙarƙarinta ta ce buhu take gani. Ashe tun tana da shekara 14, ana awon anko na wani biki, gwaggonta ta ce a gaban jama'a, "Wannan buhun masarar yadi nawa zai ishe ta?" Aka yi dariya, aka watse. Gwaggon ta manta kafin la'asar. Yarinyar ta riƙe kalmar shekara uku.

Likitoci suna kiran wannan ciwo anoreksiya. Mai shi tana tsoron ƙiba tsoro mai tsanani, tana ganin kanta lukuta ko da ta rame ƙwarai, tana ɓoye abinci ko ta ce ta riga ta ci. Jiki idan ya rasa abinci yakan koma cin kansa: gashi ya zube, ƙashi ya yi rauni, sanyi ya dame ta ko a watan Afrilu, zuciya kuma ta gaji. Yana cikin cututtukan tunani da suka fi kisa. Akwai ɗan'uwansa da ake kira bulimiya, inda yarinya za ta ci da yawa a ɓoye, sa'an nan ta zura yatsa a maƙogwaro ta amayar, ko ta sha maganin zawo. Wannan ya fi wuyar ganewa domin jikinta ba lallai ya rame ba. Amman yana cinye haƙora, yana kuma zubar da gishirin jiki wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Shayin rage tumbi da ake talla a waya, da yawansa ganyen filasko ne ko danginsa. Ruwan jiki yake fitarwa, kitse yana nan inda yake.

To amma idan muka tsaya nan mun faɗi rabin labari ne kawai. A ƙasarmu, ciwon yana da wata fuska da ta girmi wannan. Mu mutane ne da ke auna jin daɗi da ƙiba. Amarya idan ta yi wata shida ba ta murje ba, sai a ce miji ba ya ciyar da ita. Siririyar yarinya ana ce mata sillan kara, ana tambayar wa zai ɗauke ta. Ku da kuka yi wayo a shekarun da ƙanjamau ya yi ta ɗibar mutane kun tuna yadda rama kaɗai ta isa a fara raɗa a kan mutum, har a fasa aure. Shi ya sa 'ya'yanmu ke zuwa kemis su sayi ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe. Sunan ma kansa ya isa gargaɗi. Sau da yawa ƙwayoyi biyu ne. Ɗaya siproheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Ɗayan deksametason, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa da awo don asma da kumburi. Wadda ta daɗe tana shan sa fuskarta takan kumbura ta yi zagaye, a ce ta yi kyau, alhali kuwa hawan jini, ciwon sukari, gyambon ciki da raunin ƙashi ne ke tafe. Iyaye, ku riƙe wannan da kyau: idan kun kama 'yarku da deksametason, ta kuma daɗe a kansa, kada ku ƙwace ku zubar a ranar. Daina shi farat ɗaya na iya kashe mutum. Likita ne zai rage mata shi a hankali.

Na man bilicin kuwa duk mun sani, don muna ganin gaɓoɓin yatsu baƙaƙe a kan farin hannu ranar Lahadi. A shekarar 2023 hukumar NAFDAC ta ce shafe-shafen canja launin fata ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya. Amma wa ya koya wa yarinya cewa farar mace lantarkin gida? Ba daga kwalbar mai ta ji shi ba.

Saboda haka 'yar yau tana tsaye tsakanin madubi biyu. Na gida yana ce mata ta yi ƙiba ta yi fari. Na waje yana ce mata ta rame. Da yawanmu mun tuna shekarar 2001, da Agbani Darego, 'yar shekara 18 daga Jihar Ribas, ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a Afirka ta Kudu. Tsofaffi suka dubi hotonta suka ce yarinyar nan ba a ba ta abinci ne? 'Yan mata kuwa suka dube shi suka ga abin da duniya ke tafa wa hannu. Ba laifinta ba ne, haka Allah ya halicce ta. Amma daga lokacin ne ma'auni ya soma juyawa a biranenmu.

Kada kuma mu ce al'adarmu za ta tsare mu. Mutanen tsibirin Fiji ma masu son jiki cikakke ne kamar mu, rama a wurinsu alamar rashin lafiya ce. A 1995 talabijin ya isa wani yanki nasu da ake kira Nadroga. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta tambayi 'yan matan sakandare a wannan shekara, ba ta sami ko ɗaya da ke sa kanta amai don ta rame ba. Da aka sāke tambaya a 1998, an sami kusan 11 cikin 100. Shekara uku kacal, da akwatin talabijin ɗaya a falo. Yanzu fa, da akwatin ya shiga aljihu, yana kwana da yarinya a ƙarƙashin matashi? A 2021 wasu takardun cikin gida na kamfanin Facebook suka fito fili, suka nuna cewa kashi 32 cikin 100 na 'yan matan da aka tambaya sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu. Siffar da ake nunawa a can ma, shafaffen ciki da babban ƙugu da fata marar tabo, galibi aikin gyaran hoto ne ko wuƙar likita. 'Yarmu tana gasa da jikin da mai shi ma ba ta da shi.

Yana da sauƙi mu ɗora wa waya dukan laifi, mu koma gida da zuciya fara. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa bakinmu ne ke tsaga shi. A ƙananan ikilisiyoyi irin namu abin ya fi tsanani, gama samarin da ke cikin bangaskiya kaɗan ne, kowa kuma ya san kowa. Yarinya ta kai shekara 25 ba miji, sai mata su fara neman dalilin a jikinta: ta cika baƙi, ta cika rama, ta cika teɓa. Littafin Farawa sura 29 ya nuna mana gidan da aka auna 'ya'ya mata biyu da ido. Aka fifita Rahila, Lai'atu kuwa ta yi ta haihuwa tana sa ran ko yanzu mijinta zai dube ta. Ku karanta sunayen da ta raɗa wa 'ya'yanta uku na fari, za ku ji kukan macen da aka koya wa cewa ba ta isa ba. Ta wurin Yahuza ɗanta na huɗu ne zuriyar Dawuda ta fito, har zuwa kan Mai Cetonmu. Muna yawan wa'azi a kan ƙarshen labarin, mu tsallake shekarun da ta sha a tsakiya.

Me za mu yi ke nan? Ku lura da 'yar da ta daina zama a kan akushi ɗaya da 'yan'uwanta, ko wadda ke tashi zuwa bayan gida da zarar an gama ci, ko wadda al'adarta ta ɗauke ba dalili. A wannan na ƙarshe muna roƙonku, kada zargin ciki ya zama abu na farko da zai fito daga bakinku. Kada ku doke ta, kada ku ɗura mata abinci da ƙarfi. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka cika shi da abinci lokaci guda, zuciya na iya tsayawa, shi ya sa likitoci ke mayar da shi kaɗan kaɗan. Ku yi addu'a, ku kuma kai ta asibiti a rana ɗaya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da asibitocin koyarwa na Jos, Shika da Kano, duk suna da likitocin tunani. Zuwa wurinsu ba ya nufin 'yarku ta haukace. Ubangijinmu ma da ya tā da 'yar Yayirus, yarinya 'yar shekara 12, bai bar gidan ba sai da ya umarta a ba ta abinci.

Mu fastoci kuma muna da namu gyaran. Tun daga wancan abu ba mu ƙara yabon azumin wani daga kan bagadi ba, kuma duk yarinyar da ta ce za ta zarce da azumi bayan ikilisiya ta gama, sai mun zauna da ita da iyayenta. Muna ba 'yan'uwanmu masu hidima shawara su yi haka.

Kuna so ku ji ƙarshen yarinyar. Tana da rai, godiya ga Allah. Ta yi kusan shekara biyu tana ganin likita, ta sāke komawa baya sau ɗaya, yanzu tana koyarwa a wata makarantar firamare. Ta gaya mana har yau akwai ranakun da cokali ke yi mata nauyi. Gwaggonta ta zo ta durƙusa ta roƙi gafara da kuka, ta ce wasa take yi. Mun gaskata ta. Mu ma mun je mun roƙi tamu gafarar, ita ce kuma ta ba mu izini mu ba da labarin nan ba tare da suna ba.

Bayan an tashi, 'yan'uwanmu mata biyu ma'aikatan jinya za su zauna a ɗakin da ke bayan majami'a har ƙarfe biyar. Duk 'yar da ke da ƙwaya ko mai ko shayi a jakarta tana iya kai musu su duba, ba za a rubuta sunan kowa ba. Iyaye mata, muna roƙo ku bar su su shiga su kaɗai. Mu tashi tsaye mu yi addu'a.