Jawabin Buɗe Sashen Tace Jini na Masu Ciwon Hanta



Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da limamai, shugabannin asibiti, likitoci da ma'aikatan jinya, jama'a maza da mata.

Galibinku kun san wankin ƙoda. Sashen da za mu buɗe yau ɗan'uwansa ne, sai dai aikinsa ya fi wuya. Dattin da ƙoda ke fitarwa yana narkewa a ruwa, shi ya sa na'ura ke kwashe shi. Na hanta kuwa, irin su bilirubin da ke sa idon mai shawara ya yi ɗorawa, manne yake da sinadarin albumin a cikin jini, wankin ƙoda ba ya ɓamɓaro shi. Ga kuma amoniya, wadda in ta taru takan hau kai: mutum ya koma barcin rana da idon dare, hannu na karkarwa, ya daina gane iyalinsa, daga nan sai doguwar suma. A gida sau da yawa akan ce iska ce, sai an makara a kawo mana shi.

A shekarun 1990 likitoci biyu na Jami'ar Rostock a Jamus, Stange da Mitzner, suka ƙera na'urar MARS, mai amfani da albumin ta janye wannan guba. An sa mata rai ƙwarai. Amma gwajin da aka wallafa a 2013, kan marasa lafiya 189 masu daɗaɗɗen ciwon hanta da ya rikice, ya nuna shawara na raguwa, adadin masu rayuwa bayan kwana 28 kuwa bai ƙaru ba. Musayar ruwan jini ce ta fi ba da sakamako. A binciken da Larsen na Kofanhagen ya jagoranta, wanda ya fito a 2016, kan mutum 182 da hantarsu ta gaza farat ɗaya, kashi 58.7 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa musayar sun fita asibiti da rai, sauran kuwa kashi 47.8.

Na kawo alƙaluman ne domin ku, 'ya'yana ma'aikatan sashen nan. Na'ura lokaci kawai take nema wa majiyyaci, ko dai hantarsa ta farfaɗo, don Allah Ya yi ta mai iya toho, ko ya kai ga dashen wata hanta. Idan magidanci ya zo zai sayar da gonar gado saboda mahaifiyarsa, ku zaunar da shi ku faɗa masa haka tun kafin ya sa hannu. Amana ce.

Iyayenmu, ga kokon bararmu. A binciken Larsen, majiyyaci ɗaya kan buƙaci lita 8 zuwa 12 na ruwan jini kullum har kwana uku, wato fiye da leda talatin a yini. Ba a kantin magani ake samunsa ba, daga jikin matasanmu zai fito. Muna roƙon limamai su ambaci ba da gudummawar jini a huɗuba, su haɗa da rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, ganin binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a jikin kusan kashi 8 cikin ɗari na manyan Najeriya.

Allah Ya ba majiyyatanmu lafiya. Ranka ya daɗe shugaban taro, bismillah, a zo a yanke ƙyalle.