Rufin Mota na Zaren Kabon: Aikin Yana Cikin Mazubi

Lacca da aka gabatar gaban ɗalibai da masu sana'ar hannu a Damri, Ƙaramar Hukumar Bakura, Jihar Zamfara.



An nemi in yi magana kan yadda ake yi wa mota rufi da zaren kabon. Wani zai ce ina ruwan Damri da wannan, mu da motar kai kaya kasuwar Mafara muka fi sani? Ku ba ni aron hankalinku.

Zaren kabon baƙin zare ne da ake samu bayan an gasa wani irin zaren roba a wuta mai tsanani. Ana saƙa shi ya zama yadi, a jiƙa shi da danƙon ifoksi, in ya bushe ya yi ƙarfi ƙwarai, ga rashin nauyi. Kamfanin McLaren na Ingila ya gina jikin motar tsere da shi a 1981, BMW na Jamus kuma ya rufa motarsa M3 CSL da shi a 2003. Dalilin zaɓen rufi kuwa kowane direba ya san shi: nauyin da ke sama shi ke sa mota tangaɗi a kwana.

Yadin nan ba shi da siffar kansa. Wadda ya tarar ita yake ɗauka, har da aibinta. Mai zubin tukunyar alminiyam shaida ne, in yashin da ya danna ya tsage, da tabo tukunya za ta fito. Saboda haka gwanintar duka tana wajen haɗa mazubi.

Da rufin motar na asali ake farawa. A cike duk wata lotsawa da fila, a bi da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har ya yi sheƙi. A nan yawancin masu koyo ke gajiya, a nan kuma ake rabuwa da gwani. Sai a ƙara masa baki kewaye, faɗin tafin hannu ko fiye, domin nan za a liƙa leda daga baya. A shafe shi da kaki sau da yawa, ana gogewa. Wanda ya yi rowar kaki, mazubinsa zai manne da rufin, ya yi asarar duka biyun.

Bayan haka a shafa jelkot, wanda shi zai zama fuskar mazubin. In ya fara kamawa, a riƙa shimfiɗa faiba, wato zaren gilashi, ana jiƙawa da danƙo, ana birgima ƙaramar rola a kai don korar iska. Kada a jibga shimfiɗun a lokaci guda, domin danƙo yana ɗaukar zafi yayin da yake daskarewa, in ya yi kauri sai ya murɗe aikin. A ƙarshe a yi masa haƙarƙari na katako ko bututu ta baya, a bar shi ya ƙeƙashe kafin a ɓamɓare. Cikinsa ne ake shimfiɗa kabon, a rufe da leda, a zuƙe iskar da famfo, iskar waje ta danne shi ya kwanta.

Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, danƙo ya daskare a kwano tun ba a gama shafawa ba; a kwaɓa kaɗan-kaɗan, a yi aiki da sassafe. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai an rufe ɗaki an yayyafa ruwa a ƙasa. Ina roƙonku da Allah, kada yaro ya kama giranda kan faiba ba takunkumi, ba tabarau, ba safar hannu. Ƙurar tana cin huhu.

Ra'ayina shi ne kada mu fara da kabon. Daga waje ake sayo shi, da dala. Faiba ta fi araha nesa ba kusa ba, hanyar aikin kuwa kusan ɗaya ce. Ga madatsar ruwan Bakolori da aka kammala a 1978, masunta na neman kwale-kwalen da ba ya ruɓewa. Ga Keke Napep da tamfol ɗinsa ke yagewa, ga tarakta ba inuwa. Mazubi guda mai kyau zai fitar da rufi bayan rufi. Kuma ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya zana siffar motar Chevrolet Volt a Amurka, don haka kada wani ya ce mana abin ya fi ƙarfin ɗan yankin nan.

Kirana ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara shi ne ta buɗe gajeren kwas kan wannan aiki, ta kuma karɓi masu gyaran jikin mota na Bakura da Maradun ko da ba su da takardar makaranta, domin hannunsu ya riga ya saba da fila da sanfefa. Ku kuma matasan Damri, ku haɗa kuɗi ku gwada da rufin Keke Napep guda.