Kilimanjaro Ba Ya Son Mai Gaggawa

Yau hirar ta masu tara kuɗin hawan Kilimanjaro ce, dutsen nan na Tanzaniya mai tsayin mita 5,895.

Abin da ya fi dawo da mutane daga hanya ba gajiya ba ce, ƙarancin iska ne. A can ƙololuwa, oksijin da kake shaƙa kusan rabin na bakin teku ne. Sai ciwon kai, amai, barci ya ƙi zuwa. Kuma wallahi ba ruwansa da ƙwanjinka, ɗan ƙwallo ma yana kwasar kashinsa a hannu.

To mene ne maganin? Kwanaki. Hanyar Marangu ta kwana 5 ta fi araha, amma ni dai Lemosho ta kwana 8 zan ce ka bi. A hanyar za ka hau Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan ka gangaro Barranco ka kwana ƙasa da mita 4,000. Haka jiki ke sabawa. 'Yan rakiya za su ishe ka da "pole pole", wato sannu a hankali. Ka ji maganarsu.

Takalmi kuwa, kar ka je da sabo fil, ka tattaka shi tun a gida.

In ka fara tangaɗi, ko numfashi ya gagara alhali kana zaune, ka sauko nan take, ko da tsakar dare ne. Wannan yana kisa.