Su Wa Za Su Hau Katafila? Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe



Duk wanda ya tsaya a bakin madatsar ruwa ta Watari, kusa da Bagwai, aikin katafila yake kallo ko da bai sani ba. Tsakanin 1977 da 1980 aka tara ƙasar nan, aka danne ta, har ta tare ruwan da muke noman rani da shi. Mukan tuna gwamnatin da ta ba da kuɗi, amma ba mu taɓa tambayar su wa suka zauna a kan injinan ba.

Tambayar kuwa ba ta tsufa ba. Aikin hanyar Kano zuwa Katsina da ta ratsa Bichi, da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, sun buƙaci direbobin katafila, gireda, rola da injin haƙa. Da yawa cikin ɗalibanmu na da sun je wuraren nan, sai dai a matsayin lebura ko yaron direba. Suna wanke inji, suna ɗaukar jarkar gas, ranar da aiki ya ƙare su dawo gida hannu rabbana.

Me ya tsayar da su? Ba ƙarfi suka rasa ba. Direban gireda sai ya karanta alamomin da mai awo ya kafa, ya san santimita nawa zai yanke domin ruwan sama ya gangara zuwa kwalbati. Mai injin haƙa sai ya fahimci cewa mai ne da ake matsawa cikin tiyo ke ɗaga hannun injin, kuma idan ya miƙa hannun da nisa ɗauke da nauyi, injin na iya kifewa da shi. Agogon zafin inji, da awannin juyen mai, da rubutun gargaɗi, duk karatu ne. Tushensu shi ne mita da santimitar da muke koyarwa a firamare.

Hanyar a buɗe take. Bayan ƙaramar sakandare, yaro na iya shiga kwalejin fasaha ta gwamnati, kamar ta Bagauda, Ungogo ko Wudil, ya yi shekara uku yana koyon kanikanci, walda ko lantarki, ya zana jarabawar NABTEB. Tuƙin kansa a filin aiki ake ƙwarewa a kansa, ƙarƙashin gogaggen direba, amma mai takarda ya fi saurin hawa kujera, gobe ya zama bakaniken manyan injina ko shugaban ma'aikata.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya: mu malamai muna da laifi. Sau nawa muka nuna wa yaro cewa makarantar fasaha ta waɗanda karatu ya gagara ce? Mu daina. Mu kai 'yan aji shida bakin madatsa, mu ba su igiyar awo su auna magudanar ruwa da hannunsu. Ku kuma iyaye, kada kuɗin lebura na yau ya sa ku cire yaro daga aji. Sauri ya haifi nawa.

Allah ya albarkaci zuri'armu, ya sa su ci guminsu cikin aminci.